Silon mota ya yi sama ya ƙi sauka: tambayoyi da amsoshi

Mota tana tsaye, ƙafarka ba ta kan totur, amma inji sai gurnani yake. Mai yana tafiya a banza, giya tana shiga da ƙara, birki yana ɗaukar nauyin da ba nasa ba. Silo ke nan, wato juyin inji ba a taka totur ba, ya yi sama. Ga tambayoyin da masu mota suka fi yi a kan wannan matsala. Yawancin amsoshin na injin fetur ne mai injekta. Kafureta da dizal suna da nasu wurin can gaba.

Wai nawa ne silon da ya dace?

Dubi agogon da ke nuna juyin inji, wanda aka jera masa 1, 2, 3 zuwa sama. Kowace lamba juyi 1,000 ce a minti ɗaya. Idan inji ya ɗauki zafi sosai, esi a kashe, giya a firi ko a P, yawancin ƙananan motocin fetur suna zama ne tsakanin 600 da 900. Masu silinda shida ko takwas sukan zauna ƙasa kaɗan da masu huɗu. Ainihin lambar motarka tana cikin littafinta, a motoci da yawa kuma akwai takarda liƙe a ƙarƙashin bonet da ke ɗauke da ita.

Allura ta zauna sama da 1,000 bayan an yi tafiya mai ɗan nisa, akwai abin dubawa. Ta kai 1,500 ta tsaya, babu sauran tantama.

Da safe idan na tayar da ita tana kai 1,400, bayan ɗan lokaci ta sauka. Lalacewa ce?

A'a, haka aka gina ta. Fetur ba ya tashi ya gauraya da iska da kyau a cikin inji mai sanyi, man inji kuma yana da kauri a lokacin, ga matatar hayaƙin da ke cikin salansa wadda ba ta fara aiki sai ta yi zafi sosai. Saboda haka kwamfutar motar da kanta take ɗaga silo zuwa 1,200 ko 1,500, sannan ta riƙa sauke shi sannu a hankali cikin 'yan mintuna. Abin lura shi ne saukowar. Idan allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa amma silo bai motsa ba, to wannan wani zance ne daban.

Da na kunna esi ko manyan fitilu sai ya ɗan ƙaru.

Shi ma daidai ne. Kwamfiresa da altaneto suna jan inji, kwamfuta tana ƙara masa ɗan ƙarfi don kada ya mutu. Haka ma idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe a motar da ke da famfon sitiyari. Batir da ya yi rauni yakan sa wasu motocin su riƙe silo sama don su yi caji. Ƙarin 100 ko makamancinsa ba abin damuwa ba ne.

To mene ne ainihin abin da ke sa silo ya hau?

Iska. Wanda ya riƙe wannan ya tsira daga sayen kayan da ba ya buƙata.

Injin fetur ba ya gudu sai gwargwadon iskar da ya shaƙa. Kamar wutar maƙera ce: ko an cika gawayi, ba ta ruruwa sai an taɓa zugazugi. Inji yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi ɗaya na fetur, a ma'aunin nauyi. Idan fetur ya yi yawa ba tare da ƙarin iska ba, inji shaƙewa yake, ya yi baƙin hayaƙi, ya riƙa kakkarwa, wani lokacin ya mutu. Ba ya hawa. Don haka duk lokacin da silo ya tsaya sama lafiya lau, iska tana shiga fiye da yadda ya kamata, kuma hanyoyinta uku ne.

Ko dai faifan da ke cikin maƙogwaron totur bai rufe ba. Ko akwai wata ƙofa da ta buɗu a bayan faifan, tiyo ya tsage ko gaskit ya mutu, inji yana satar iska ta nan. Ko kuma kwamfuta ce da kanta ta buɗe hanyar iskar da gangan, domin wata sensa ta ba ta labarin ƙarya, misali ta ce mata inji yana da sanyi alhali ya yi zafi.

Duk binciken da ke ƙasa ƙoƙarin rabe waɗannan ukun ne. A tsofaffin motoci masu distiributa akwai na huɗu, wato lokacin tartsatsin fulogi ya yi gaba da yawa, amma wannan kusan kullum bayan wani ya taɓa distiributar ne.

Ta ina zan fara, kafin in kashe ko sisi?

Fara da tambayar kanka: me aka yi wa motar kafin abin ya soma? An cire batir? An wanke maƙogwaron totur? An canza ruwan lagireto, an taɓa matatar iska, an wanke inji da ruwa mai ƙarfi? Matsalar da ta bayyana washegarin gyara, galibi a wurin gyaran take. Tiyo ɗaya da aka manta ba a mayar ba ya isa.

Sai ka leƙa ƙarƙashin ƙafarka. Shimfiɗar ƙafa da ta zame gaba tana iya danne totur, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2009 kamfanin Toyota ya kira miliyoyin motoci gyara a Amurka a kan haka. Sa yatsan ƙafa ka ɗago totur sama, ka ga ko silo zai sauka.

Bayan haka buɗe bonet, inji a kashe. Idan motarka mai wayar totur ce, taɓa wayar a inda ta haɗu da maƙogwaro. Ya kamata ta kasance da ɗan sakwa-sakwa. Idan a ɗaure take tamau, ita ke riƙe da faifan. Murɗa dabaran da hannu ka sake shi: ya koma da kansa har ya bugi madogararsa, ko ya tsaya a hanya? Wayar da ta fara tsinkewa a cikin rigarta da sifirin da ya gaji duk suna hana shi komawa. Motar da ke da kurus kwanturol na waya tana da waya ta biyu, ita ma a duba ta.

An ce min inji na satar iska. Yaya ake gane wurin?

A silo faifan totur kusan a rufe yake, fistin kuma suna ta zuƙa, don haka cikin manifol, wato bututun da ke raba iska daga maƙogwaron totur zuwa silinda, akwai jan iska mai ƙarfi. A ma'aunin da ake gwada shi, lafiyayyen inji yana nuna inci 17 zuwa 22, yana raguwa kaɗan a wurare masu tudu. Da wannan ƙarfin, tsagar da ido da kyar yake gani tana shigar da iskar da za ta ɗaga silo.

Kunne shi ne kayan aiki na farko. Tayar da mota, kashe esi da rediyo, ka saurari wani siririn sauti kamar na tayar da ke sacewa. Ɗauki guntun tiyo, sa baki ɗaya a kunne, ka riƙa yawo da ɗaya bakin a kan manifol da mahaɗun robobi. Inda sautin ya yi ƙarfi, nan ne. Ka kiyayi fanka da bel, domin fankar lantarki tana tashi ba sallama, hannun riga mai faɗi kuma bai dace da wannan aiki ba.

Sai hannu. Bi kowane ƙaramin tiyo daga farkonsa zuwa ƙarshensa, ka lanƙwasa shi. Robar da ta tsufa takan tsage ne ta ƙasa ko a daidai gwiwa, inda ba a gani sai an murɗa. Babban bututun da ya taho daga matatar iska ma haka, tsagarsa tana ɓuya a cikin ninke-ninken robar. Matse ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya da filaya, a hankali, da ƙyalle a tsakani. Wanda ka matse silo ya faɗi, ɓarnar tana kan layinsa.

Kanikawa da yawa suna fesa man wanke kafureta a kan mahaɗu, idan sautin inji ya canza sun gano wurin. Yana aiki, amma abu ne mai kama wuta ake fesawa kusa da salansa mai zafi da wayoyin fulogi. Ni na fi son ruwa a kwalbar feshi: idan ya faɗa kan tsagar yakan toshe ta na ɗan lokaci, ka ji inji ya canza murya, kuma ba ya ƙona kowa. Mafi tabbas duka shi ne injin hayaƙi, wanda ake hura farin hayaƙi cikin manifol inji a kashe, a ga inda yake fitowa. Tsagar da ta gagari kunne da hannu, hayaƙi yana tona ta cikin minti kaɗan.

Gaskit ɗin manifol yana da wani hali nasa. Sau da yawa ya fi zuba idan inji yana da sanyi, in ƙarfe ya yi zafi ya buɗa sai ya ɗan rufe. Idan matsalar ta fi tsanani da safe, a gwada shi da safe.

Duk tiyo lafiya suke. Akwai wani wurin da iska ke bi?

Akwai uku da ake yawan mantawa, domin daga waje ba abin da ya tsage.

Na farko bawul ɗin PCV, wanda ke kwashe tururin cikin inji ya mayar da shi manifol. Idan ya maƙale a buɗe ya zama ƙofa. A sababbin motoci da yawa an mayar da shi faifan roba a cikin murfin saman inji. In robar ta yage za ka ji fito, kuma murfin zuba man inji zai yi wuyar cirewa inji na aiki, saboda ana zuƙarsa daga ciki.

Na biyu bawul ɗin da ke sakin tururin tankin fetur zuwa inji. In ba a ba shi wuta ba, a rufe ya kamata ya kasance. Cire masa soket, cire tiyon da ya taho daga ɓangaren tanki, ka sa yatsa a bakinsa inji na aiki. Idan ka ji yana zuƙa, ya lalace. Wata alamarsa ita ce mota ta yi wuyar tashi daidai bayan an sha mai.

Na uku bustar birki, wato baƙar tukunyar da ke bayan famfon birki, wadda babban tiyo ya haɗa ta da manifol. Idan robar cikinta ta fashe, silo yakan canza duk lokacin da ka taka birki, ka kuma ji huci a ƙarƙashin sitiyari. Gwajinta: inji a kashe, taka birki sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, riƙe shi, ka tayar da mota. Lafiyayyiya za ta sa birkin ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. Wannan ba gyaran da ake ɗagawa zuwa wani watan ba ne, tunda birki ne.

Me ya sa a wata motar satar iska ke sa silo ya hau, a wata kuma ya sa ta kakkarwa?

Ya danganta da yadda kwamfuta take auna iska. Mai sensar MAP tana auna matsin cikin manifol ne, don haka iskar sata ma ana ganinta, a ba ta fetur ɗinta, inji ya hau sumul kamar an taka totur. Mai sensar MAF kuwa tana ƙirga iskar da ta wuce ta bututu ne kawai. Wadda ta shigo ta bayan fage ba a san da ita ba, fetur ya yi kaɗan, inji ya riƙa rawa, wani lokacin ya hau wani lokacin ya nemi mutuwa.

An wanke min maƙogwaron totur, sai abin ya ƙara lalacewa. Sun ɓata shi ne?

Da wuya. Ga abin da ya faru. Shekara da shekaru baƙin datti yana taruwa a gefen faifan yana rage hanyar iska, kwamfuta kuma tana koyon ƙara buɗe faifan don ta cike giɓin. Rana ɗaya aka goge dattin. Kwamfuta ba ta sani ba, ta buɗe faifan yadda ta saba, iska ta kwararo ninki. Wannan ya fi faruwa a motoci masu totur na lantarki, waɗanda ba su da waya, irin da suka yaɗu daga farkon shekarun 2000.

Maganinsa a sake koya wa kwamfuta silo. Wasu motocin da kansu suke koya idan aka bar su a silo na mintuna bayan sun yi zafi, komai a kashe, sannan aka yi tafiyar kwana ɗaya ko biyu. Wasu kuma, kamar Nissan da yawa, sai an bi wani tsari na musamman, ko da na'urar sikan, wadda ke karanta kwamfutar mota, ko da taka totur a ƙayyadaddun daƙiƙu. Kowane kamfani da nasa, kada a ɗauki tsarin wata mota a ɗora wa wata. Cire batir ma yana goge abin da kwamfuta ta koya a wasu motocin, shi ya sa silo ke rikicewa bayan canjin batir.

In kai za ka wanke da kanka: makulli a cire, fesa man wankin a ƙyalle maimakon ka tuttula shi cikin maƙogwaron, kada ka tura faifan lantarki da ƙarfi domin haƙoran cikinsa na roba ne, kuma idan ka kwance shi daga manifol sa sabon gaskit. Tsohon da aka mayar shi kansa yakan zama sabuwar ƙofar iska.

Mene ne IAC da ake ta cewa in canza?

A motoci masu wayar totur, ƙaramin bawul ne da ke jikin maƙogwaro, yana ba iska wata 'yar hanya ta gefen faifan. Da shi kwamfuta take ɗaga silo ko sauke shi. Datti yakan maƙale shi a buɗe. Sau da yawa wanki ya isa, sai ya ƙi sannan a yi zancen sabo. Motar da ke da totur na lantarki ba ta da shi sam, don haka idan aka ce maka IAC ɗinta ya mutu, nemi a nuna maka shi.

Mene ne haɗin tamostat da silo? Ai ni an cire min shi tun tuni don kada mota ta yi zafi.

Haɗin kai tsaye ne, kuma wannan na daga cikin abubuwan da suka fi damuna. Ka tuna kwamfuta tana ɗaga silo idan inji yana da sanyi. Tamostat shi ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 90 kafin ya sake shi zuwa lagireto. Idan an cire shi, ko ya maƙale a buɗe, musamman in an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tashin mota, inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba. Kwamfuta tana nan tana jiran safiyar da ba ta ƙarewa: silo a sama, fetur fiye da kima, fulogi suna baƙi, man inji yana saurin lalacewa. Motar da ke zafi tana da dalilinta, lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji ko fanka ba ta tashi. Cire tamostat ɓoye dalilin ne, a kuma sayo wata matsalar.

Gwajin ba wuya. Tayar da mota da sanyinta, ka riƙa taɓa babban tiyon sama na lagireto. Ya kamata ya zauna da sanyi na wasu mintuna, sannan ya yi zafi kusan lokaci ɗaya sa'ad da tamostat ya buɗe. Idan tun farko yake ɗumi a hankali, ruwa yana zagayawa ba mai tsare shi.

Sensar zafin ruwa ita ma tana iya yin ƙarya ko da tamostat yana nan. Irin da aka fi amfani da ita, in an auna ta da mita tana nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Soket ɗinta ya yi tsatsa ko waya ta tsinke, na'urar sikan takan nuna digiri 40 ƙasa da sifili. Kada agogon dashbod ya ruɗe ka: tsofaffin motoci da yawa sensa biyu gare su, ɗaya ta agogo ɗaya ta kwamfuta, agogo yana iya faɗin gaskiya ta kwamfuta tana ƙarya.

Sai ƙarancin ruwa. Idan iska ta maƙale a hanyar ruwa, sensa tana zaune a busasshen wuri, ba ta jin zafin gaskiya. Honda na shekarun 1990 suna da wani bawul na ɗaga silo da ruwan zafi ke rufe shi, in ruwa bai kai masa ba sai ya zauna a buɗe. A cika ruwa, a fitar da iskar, sau da yawa magana ta ƙare. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi sai inji ya huce.

Allurar tawa ba ta tsayawa, hawa take tana sauka, hawa tana sauka.

Ciwo ɗaya ne da wata fuska. Kwamfuta tana da doka: idan totur a rufe yake amma juyi ya wuce wata iyaka, tana ɗauka gangara kake yi, sai ta yanke fetur. Iskar sata ta ɗaga inji ya kai iyakar, aka yanke fetur, ya faɗo, aka mayar, ya sake hawa. Bi hanyar binciken da ke sama, ka fara da ruwan lagireto da IAC.

Bakanike ya ce a juya sukurun da ke jikin totur kawai a rage. In yarda?

A motar injekta, a'a. Wannan sukurun madogarar faifai ne, daga masana'anta aka saita shi, sau da yawa har da fenti ko murfi a kansa. Idan aka sassauta shi faifan yana iya cizon bangon maƙogwaro ya riƙa maƙalewa, sensar matsayin totur kuma ta fita daga saitinta. Ita wannan sensar a rufe tana ba da wajen rabin volt, a buɗe duka wajen 4.5. Ta kauce kaɗan, kwamfuta ba za ta ƙara gane cewa ka ɗaga ƙafa ba. Ƙofar da iska ke bi kuma tana nan ba a rufe ta ba. Sukuru bai juya kansa ba, don haka ba shi ya kawo matsalar ba, sai fa in wani ya riga ya taɓa shi a baya. Idan haka ne, saita shi aikin littafin motar ne da ma'auni, ba na kunne ba.

Fitilar cek ba ta kama ba. Sikan zai amfane ni?

Ƙwarai. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin OBD mai baki 16 a ƙarƙashin dashbod. Lambobin da suka shafi zancenmu: P0507 silo ya wuce abin da kwamfuta ta nema, P0505 matsala a tsarin silo, P0171 da P0174 fetur ya yi kaɗan a kan iska, P0128 inji bai kai zafinsa ba, P0115 zuwa P0119 sensar zafin ruwa. Lamba tana nuna unguwar da matsala take ne, ba ta ce a sayi kaya ba. P0507 bai ce maƙogwaro ya mutu ba.

Amfanin na'urar da ya fi lambobi shi ne bayanan da take nunawa inji na aiki. Idan tana iya nuna silon da kwamfuta take nema, kwatanta shi da wanda ake samu. Tana neman 700 ana samun 1,300, ta kuma rufe IAC ko faifai iya ƙarfinta: iskar sata ce ko abu ya maƙale. Ita da kanta take neman 1,300: tana da dalili, sai a dubi zafin ruwa, batir, siginar esi da matsayin totur. Wannan kallo ɗaya ya raba aikin gida biyu.

Dubi kuma lambar gyaran fetur, wadda ake rubutawa LTFT. Kusa da sifili lafiya. Idan ta haura 10 cikin 100 a silo, ka ɗaga inji zuwa 2,500 ta sauko, wannan sa hannun satar iska ne, domin 'yar tsagar ba ta da tasiri idan faifai ya buɗe. Da safe kafin a tayar da mota, zafin ruwa da zafin iska ya kamata su zo kusan ɗaya. Suka bambanta da yawa, ɗayansu yana ƙarya.

Ko fulogi ne?

Fulogin da ya mutu yana sa inji rawa da rashin ƙarfi, ba ya ɗaga silo. Haka famfon mai da matatar mai.

Tawa mai kafureta ce.

Nan sukurun silo na juyawa ne, amma shi ne na ƙarshe. Cire murfin matatar iska bayan inji ya yi zafi, ka ga ko faifan cok ya miƙe tsaye, a buɗe gaba ɗaya. Cok yana da wani ɗan ƙarfe mai matakala da ke riƙe totur a buɗe lokacin sanyi, datti yakan hana shi sauka. Duba gaskit ɗin gindin kafureta, girgiza sandar faifai ka ji ko ta ci ta yi sako-sako, ka tabbata maƙogwaro na biyu yana rufewa. Injin kafureta mai silo sama yakan ci gaba da tari bayan an kashe makulli. Idan duk waɗannan lafiya, lokacin tartsatsi ma daidai, to a juya sukuru.

Zan iya ci gaba da hawa har in samu sarari?

Idan 1,000 ne ko 1,100, za ka iya kai ta wurin gyara da kanka cikin kwanaki. Daga 1,500 zuwa sama, musamman a otomatik, kada a ja lokaci. Kowace shigar giya duka ce ga giyabos da kujerun inji, mota tana turawa gaba da ƙarfi da zarar ka sassauta birki, a cunkoso ko wurin da yara ke wasa wannan haɗari ne. Idan kuma babbar ƙofar iska ce, jan da bustar birki ke dogara da shi yana raguwa, birki ya yi tauri a lokacin da ka fi buƙatarsa.

Idan inji ya ɗauka da kansa ina cikin tafiya fa?

Taka birki da ƙarfi ka riƙe, kada ka riƙa dannawa kana saki, domin hakan yana ƙarar da taimakon busta. Mayar da giya firi, ko ka taka kuloci. Inji zai yi ihu, ƙyale shi, motocin zamani suna da iyakar da ba sa wucewa. Gangara gefe ka tsaya, sannan ka kashe. Idan dole ta sa ka kashe kafin tsayawa, murɗa makulli mataki ɗaya kawai don kada sitiyari ya kulle, ka kuma san sitiyari da birki za su yi nauyi. Mai maɓalli sai an danne shi na 'yan daƙiƙu.

Injin dizal ma haka ake bi?

A'a, nan lissafin ya juya. Dizal yana shaƙar iska yadda ya so, yawan man da aka fesa shi ke ƙayyade gudunsa. Don haka silonsa idan ya hau, mai ake tuhuma: sensar da ke jikin totur, sensar zafi, batir mai rauni, ko a tsofaffi waya da gwamnan famfon nozul, wato abin da ke daidaita gudun inji. Sababbi masu matatar hayaƙi ta DPF suna ɗaga silo da gangan lokacin da suke ƙone baƙin hayaƙin da ya taru a cikinta, fanka ta tashi, salansa ya yi zafi, bayan wasu mintuna ya koma.

Akwai wani hali guda da ya kamata duk mai dizal ya sani. Idan turbo ya fara zubar da man inji cikin bututun iska, ko aka cika man inji ya wuce alama, inji yana iya fara ƙona man nasa. Zai hau ba iyaka, hayaƙi ya turnuƙe, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa, tunda ba daga tanki yake sha ba. A mai kuloci, taka birki sosai, ja birkin hannu, sa giya mafi girma, ka saki kuloci ya shaƙe. In ba haka ba sai a toshe masa iska da katako ko wani abu mai tauri a bakin bututu, ba da tafin hannu ko ƙyalle ba, ko a fesa masa abin kashe gobara na iskar CO2 ta wurin shaƙar. Idan ba ɗaya a kusa, kowa ya matsa nesa. Bayan ya mutu kada a sake tayar da shi sai an gyara turbo, an kuma zubar da man da ya taru a cikin bututu da intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo.